Iya Mai Keke da Autar Babban Gida

Surukata ce, uwar mijina, amma duk unguwa Iya Mai Keke ake ce mata, saboda keken ɗinkin da ta yi shekara da shekaru tana takawa a ɗan shagon da ta fitar daga jikin gidanta. Ni ma Iya nake ce mata. Gajeriya ce, baƙa wuluk, mai faffaɗar kafaɗa, ga bakin barkwanci. In mace ta kawo mata yadi ta ce a tsuke mata riga sosai, sai Iya ta dube ta ta saman tabarau ta ce, "'Yar nan, ɗinki nake yi, ba rage mutum ba." Da wuya ki shiga shagon nan ki fito ba ki dara ba, ko da ranki a ɓace kika je.

Lokacin da ɗanta ya zo neman aurena, kawuna ne ya tafi bincike. Ya dawo yana taɓe baki. Ya ce yaron ba laifi, yana da sana'ar gyaran wuta, ba ya shaye-shaye, ba ya yawon banza. "Sai dai fa asali," in ji shi. Kowa a ɗakin ya gane abin da yake nufi. Babana ya ce shi yaron zai ba 'yarsa, ba kakar uwarsa ba. Kawu bai zo ɗaurin auren ba.

Ashe maganar ta kai kunnen Iya. Ban daɗe da tarewa ba ta kira ni shago, ta tura mini kujera da ƙafa.

"Na ji an gaya miki ko mu su wane ne," ta ce. "To zauna ki ji daga bakina, don na bakin mutane gishirinsa ya yi yawa."

Kakarta sayo ta aka yi tana ƙaramar yarinya, daga wata ƙasa da ba wanda ya san ko ina ce. Ta girma a babban gidan nan na kan tudu, gidan farare, masu gonaki da manyan shaguna a kasuwa. Ko sunan da iyayenta suka raɗa mata ba a riƙe ba, masu gida suka laƙaba mata wanda ya fi musu sauƙin kira. Da aka yi doka aka hana bauta, aka ce kowa ɗa ne, ta ƙulle 'yan tsummokaranta ta fito tsakar gida, ta tsaya ta rasa inda za ta dosa. Sai ta koma ɗakin bayan kicin inda take kwana, ta kwance ƙullin. A ɗakin nan ta haifi Inna, uwar Iya. A nan kuma aka haifi Iya.

"Doka ta ce mu 'ya'ya ne," in ji Iya, "amma tukwanen gidan ba su ji sanarwar ba. Yadda muka wanke su jiya, haka muka wanke su washegari."

Iya tana jaririya matar gida ta haifi 'yarta ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta. Matar gida ta kwanta ciwo, nono bai zo ba, sai aka miƙa wa Inna jaririyar. Sharaɗi ɗaya aka kafa mata: Auta ce za ta fara sha, in ta ƙoshi sannan a ba tata 'yar.

"Ragowa na sha," Iya kan ce tana dariya, "ga shi kuma na fi ta ƙashi."

Tare suka tashi. Baho ɗaya ake yi musu wanka, tabarma ɗaya suke barcin rana, kuma Auta ba ta barci sai ta damƙe gefen zanen Inna a hannu. Da lokacin makaranta ya yi aka ɗinka wa Auta riga, Iya kuwa aka ɗora mata jakar Auta ta raka ta bakin ƙofar makaranta, ta dawo ta kama wanke-wanke. Da suka fara zama 'yan mata, matar gida ta kira Iya ta ce daga yau ta daina cewa Auta, ta riƙa cewa ranki ya daɗe, kuma kada ta sake ganin ta zaune a kujera. Ranar Auta ta yi kuka har ta ƙi cin abinci.

"Ba hanin ne ya fi yi mini ciwo ba," in ji Iya. "Yadda ta saba ne. Ba a yi nisa ba ta fara amsawa kamar da shi aka haife ta."

Abin da ya fitar da Iya daga gidan ya faru ne ana shirin auren Auta. Ta shigo falo da tiren shayi, ta tarar matar gida tana lissafa wa ƙawayenta abin da zai bi amarya: gadaje, kwanuka, labulaye. Sai ta nuna Iya da baki ta ce, "Har da yarinyar nan." Auta ta tafa hannu cikin murna ta ce, "Ai dama tawa ce!" Ba da mugunta ta faɗa ba, Iya ta sha nanata mini wannan. Da gaske murna take yi ba za su rabu ba. Iya ta ajiye tiren a hankali, ta zuba wa kowa shayinsa. Da gari ya waye ta ɗaure kayanta. Inna ba ta hana ta ba. Ta cire takalmanta ta ba ta, ta ce, "Tafi. Ni ƙafata ta riga ta yi saiwa a nan."

Wani tsohon tela a bakin kasuwa ne ya ɗauke ta, da farko shara, sai ɗinka maɓalli, sai kalmasa, har ya bar mata keke. Ta auri wani ma'aikacin layin dogo, mutum mai sanyin hali, suka gina ɗakuna a unguwarmu ta bayan tasha, inda yawancin mazauna jikokin irin su kakar Iya ne. 'Ya'yanta biyu suka rayu: Yaya Malama, sai mijina. Mijinta ya rasu yaran ba su gama girma ba, keken nan ya ƙarasa renonsu. Ta yi ta roƙon Inna ta dawo wurinta, Inna ta ƙi. A ɗakin bayan kicin ta cika. Ranar ce kaɗai Iya ta sake taka gidan.

Duk lokacin da ake wani sha'ani a babban gida, sai su aiko a kira musu "mutanenmu na bayan tasha" su zo su kama aiki. Mata da yawa kan je, su wanke tukwane, su dawo da ragowar abinci da tsofaffin zannuwa. In ɗan aike ya biyo ta shagon Iya, sai ta ce, "Ka ce musu keke ya riƙe mini ƙafa." 'Ya'yanta kuwa ta yi musu iyaka da tudun nan tun suna rarrafe.

Amma akwai abin da ta kasa rabuwa da shi. In farar mace ta shigo shago, ko da sa'ar jikarta ce, sai Iya ta yi zumbur ta miƙe, ta sassauta murya, ta sa hannu a baya. Wannan abu na ƙona wa Yaya Malama rai.

"Iya, ki zauna mana! Ita fa ta zo neman ki!"

"Ni ma ban san lokacin da nake tashi ba," Iya kan ce. "Gwiwar ce ba ta san an 'yanta mu ba."

Da wasa take faɗa, amma wunin ranar haka za ta yi ta taka keke da ƙarfi, ba ta kula kowa.

Yaya Malama ba ta da wannan wasan. Doguwa ce, mai kaifin harshe, ta daɗe tana koyarwa, tana kallo ana ɗora waɗanda ta horar a kan shugabancin makarantar ana tsallake ta. Akwai ranar da uban wani yaro ya shigo har aji ya ce mata jinin bayi ba zai ɗaga wa ɗansa murya ba. Ta gama darasinta tsaf, sai da ta zo gida ta fashe da kuka a cinyar Iya, ita da take da 'ya'ya uku a lokacin.

Wata Asabar da hantsi, ina shago ina taya Iya warware wani ɗinki, Yaya Malama na zaune tana gyaran farce, sai wata mota mai sheƙi ta tsaya. Wani farin mutum ya fito, furfura ta fara masa, takalminsa kamar ka duba fuskarka. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kira Iya da wani suna da ban taɓa ji ba, sunan da ake kiran ta da shi a babban gida. Iya ta miƙe zumbur. Sai kuma ta dubi 'yarta, ta koma ta zauna a hankali.

Ya ce shi ɗan Auta ne, manaja ne a banki. Tun daga ranar Manaja muke ce masa. Ya ce mijin Auta ya rasu, ta dawo gidan ubanta da zama, kuma tsufa ya taɓa mata ƙwaƙwalwa. Ba ta gane 'ya'yanta. An kawo masu jinya ta kore su. Kullum sai ta lallaɓa ɗakin bayan kicin ta zauna a ƙasa tana kiran Inna. Yanzu kuma ta daina cin abinci. Wani tsohon direban gidan ne ya tuna cewa Inna ta bar 'ya.

"Shi ne na ce bari in zo in ɗauke ki," in ji shi. "Ai ke tamu ce. Ɗakinku na nan, za a yi masa fenti, a sa miki fanka."

Yaya Malama ta ajiye rezar da ke hannunta.

"Taku ce? A wace kasuwa ka saye ta?"

Mutumin ya yi sororo. Wallahi da gaske bai san abin da ya faɗa ba. "Haba baiwar Allah," ya ce, kuma nan take ya ga kalmar ba ta zo daidai ba, ya daburce. "Ina nufin, mu ba mu taɓa ɗaukar ku bare ba."

"Gaskiya ne. Mutum ba ya ɗaukar tukunyarsa bare."

"Ya isa," in ji Iya. Ta cire tabarau ta dube shi. "Yaro, me ta ci jiya?"

"Ɗan shayi. Shi ma rabi."

Iya ta daɗe tana kallon allurar keke. Sannan ta ce, "Ba zan hau tudun nan ba, ko da zinare za a shafe ɗakin. In kana son uwarka ta ci abinci, ka kawo ta nan."

Manaja ya waiwaya ya dubi layinmu: kwata a buɗe, awaki, yara suna buga ƙwallon tsumma. Ya shiga mota ya tafi.

Ranar uwa da 'ya sun yi ta. Yaya Malama ta ce kakar Iya ta yi musu bauta, Inna ta ba su nononta da ƙuruciyarta da tsufanta, ba wanda ya taɓa cewa sannu, yanzu kuma saura Iya ta kwashe musu kashi. Iya ta ce duk abin da ta faɗa gaskiya ne, ba ta cire ko ɗaya ba.

"To don me, Iya?"

"Don tana kiran uwata. Duk duniyar nan mu biyu muka rage da muka san ƙamshin zanen matar nan. In Auta ta mutu da yunwa tana kiran ta, ni ba zan iya haɗiye tawa lomar ba. Ba don su zan yi ba."

Mun ɗauka shi ke nan, ba zai dawo ba. Daga baya muka ji 'yan uwansa mata biyu sun ce sai dai bayan ransu a kai uwarsu bayan tasha. Amma ba su ne ke kallon ta tana ƙanjamewa ba, suna gidajen mazajensu. Kafin mako ya zagayo motar ta sake tsayawa.

Manaja ya fito da Auta a hannu kamar yarinya. Ta rame ta zama kamar tsuntsuwa, gashi fari fat, ido a firgice. Iya ta fito daga shago tana goge hannu a zane.

"Auta," ta ce, "ke ce kika koma haka?"

Tsohuwar ta ƙura mata ido. Ashe Iya da ta tsufa fuskar uwarta ta ɗauko sak. Sai Auta ta miƙa hannu ta damƙe gefen zanenta ta ce, "Inna, ina kika je?"

"Ba Inna ba ce, ni ce," in ji Iya. "To, shi ke nan. Zo mu shiga."

Na dafa shinkafa ta yi laushi, na zuba madara. Iya ta zauna a tabarma ta jingina Auta da ƙirjinta, tana ba ta da hannu tana mita: "Buɗe bakin mana, sai ka ce wadda za a ba guba." Auta ta cinye tas. Manaja yana tsaye a tsakar gida, ya juya mana baya yana share fuska.

Aka sa mata gado a ɗakin Iya. Iya ta kafa wa Manaja nata sharaɗin: kullum ya tashi aiki ya biyo, ranar hutu kuma shi zai wanke zannuwan gadon uwarsa da hannunsa. "Mu nan ba mu da masu aiki," ta ce. "Kowa uwarsa yake wa." Ranar farko da takalmin ofis ya tsuguna gaban baho, ya zuba garin sabulu kamar zai wanke mota, kumfa ta cika tsakar gida. Ni na koya masa matsa zani. Da ya gama na miƙa masa ruwa a kofin da kowa ke sha. Ya riƙe shi ɗan jim, na ga ya riƙe, shi ma ya san na gani. Sannan ya kafa kai ya shanye.

Unguwa ta rabu biyu. Wasu mata suka riƙa zuwa da hujjar kawo ɗinki don su leƙa su ga 'yar babban gida zaune a tabarmar mai keke. Wata tsohuwar maƙwabciya, wadda ita ma a gidan ta ƙare ƙuruciyarta kuma har yau akwai tabon ƙuna a hannunta, ta daina gaisawa da Iya. Ta ce wanda Allah ya fitar ya koma da ƙafarsa, ba ta da abin ce masa. Iya ba ta taɓa ganin laifinta ba. Yaya Malama ma ta ɗauke ƙafa.

Ba kullum Auta ke zama yarinyar Inna ba. Wasu ranaku sai ta tashi a matsayin uwar ɗaki. Wata rana da la'asar Iya na zaune a bakin gado tana ninke kaya, sai Auta ta daka mata tsawa da wata murya da ban san tana da ita ba.

"Ke baiwa! Wa ya ce ki zauna a gabana? Tashi ki kawo mini ruwa!"

Iya ta miƙe tsaye, hannu a baya. Har ta kai bakin ƙofa sannan ta ankara. Ta wuce shago. Na bi ta na tarar tana taka keke babu yadi a kai, hawaye na bin kumatunta.

"Na zaci abin nan ya mutu a cikina," ta ce. "Ashe kwance yake."

Na dafa kafaɗarta. Can ta share fuska da bakin zane, ta koma ɗaki, ta zauna daram a kan gadon Auta har katifa ta lotsa.

"Ki ji ni da kyau, Auta. Nan gidana ne, ni na gina shi da ƙafar nan tawa. In kina son ruwa, ki ce don Allah."

Auta ta yi ta ƙifta ido. Sannan cikin ƙaramar murya ta ce, "Don Allah."

"Yawwa. Ashe kin iya."

Abin da ya dawo da Yaya Malama waƙa ce. Wata safiya Iya na taje wa Auta kai a tsakar gida, rana na ɗan dukan bayansu, sai Auta ta fara rera wani abu a hankali, da wani harshe da ba na ji. Na ga matajin ya tsaya cak a hannun Iya. Waƙar kakarta ce, abu ɗaya tak da ta zo da shi daga ƙasarsu. Inna kan rera ta in tana shayarwa. Iya farkonta kawai ta riƙe, shi ma sautin ne ba kalmomin ba, don wadda ke kan cinya ake rera wa, kuma Auta ce ta fi daɗewa a kan cinyar. Ga matar da ba ta san sunan ɗanta ba, amma waƙar nan tana kanta daga farko har ƙarshe.

Iya ta ce in buga wa Yaya Malama waya in ce ta zo yanzu, ba gardama. Ta zo fuska a murtuke. Iya ta ɗan ja farkon waƙar, Auta ta karɓa. Yaya Malama ta saurara a tsaye, sannan ta nemi kujera.

"Har wannan ma a hannunsu take," ta ce.

"To ga shi an kawo mana har gida," in ji Iya. "Ki karɓa ko ki tsaya faɗa."

Ta karɓa. Ta matsa kusa da Auta, tana maimaita kalmomin ɗaya bayan ɗaya, Auta na gyara mata kamar ita ce malamar. Ta naɗe a waya. Daga baya ta yi ta bin baƙin 'yan kasuwa tana kunna musu ko wani zai gane harshen. Ba a dace ba. Mutum ɗaya ne ya ce wata kalma a ciki ta yi kama da yadda kakarsa ke kiran ruwan sama, amma ba zai rantse ba. Ba zan ce Yaya Malama ta huce ba. Ta dai dawo zuwa, kuma wani lokaci ita ke yanke wa Auta farce.

Sau ɗaya na ga Auta ta gane Iya sosai. Da safe ne, ana ba ta shayi. Ta kauda kofin ta ce, "Ke, me ya sa kika tafi ba sallama? Ranar bikina na yi ta neman ki."

"Kin ce ni taki ce."

"To ba tawa ba ce?"

"'Yar uwarki, Auta. Ba kayan ɗakinki ba."

Auta ta dube ta. Ta ɗaga hannu ta shafa kumatun Iya. Na zaci za ta ce wani abu, sai idon ya sake yin nisa, ta tambaya ko an dawo daga makaranta. Ko ta gane ko ba ta gane ba, Allah kaɗai ya sani. Iya ba ta sake tayar da maganar ba.

Da damina ta kama, ƙirjin Auta ya cushe, aka kai ta asibiti. Iya ta bi su da flas ɗin shayi da bargo. A bakin ɗakin wata ma'aikaciyar jinya ta tare ta, ba tare da ta ko dube ta sosai ba, ta ce dangi kawai ake bari, mai aiki ta jira a benci. Iya har ta juya. Manaja ya riƙo hannunta.

"Yayar mahaifiyata ce," ya ce. "Nono ɗaya suka sha."

Matar ta dubi farin, ta dubi baƙar, ta matsa gefe. Da suka shiga Iya ta harare shi ta ce, "Ka dai yi sa'a na girme ta, da ka yi ƙarya a asibiti."

A nan Auta ta cika, da hantsi, kanta a kan hannun Iya.

A babban gida aka yi zaman makoki. 'Yan uwan Manaja suka aiko a gaya wa Iya ta zo, kuma matan unguwarmu da dama sun je, suna can baya wajen tukwane kamar kullum. Iya ta ce a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanta, ita ma ƙanwa ta rasa, mai son yi mata ta'aziyya ya san hanya. Mutane kuwa suka zo, har da tsohuwar maƙwabciyar nan, wadda ta zauna ba ta ce uffan ba, ta tashi ta tafi. Washegari Manaja ya baro nasu taron ya zo ya zauna cikin maza kusa da mijina. Ɗaya daga cikin 'yan uwansa ta biyo shi, ta tsaya daga bakin ƙofa ta yi gaisuwa a tsaye, ta koma mota. Ɗayar ba mu taɓa ganin ta ba.

Iya ta ƙara wasu shekaru. Ido ya yi rauni, ta bar ɗinki, ta koma zama a ƙofar shago tana tsokanar masu wucewa. Ta sa aka fitar da gadon Auta, bayan kwana kaɗan ta ce a mayar, wai ɗakin ya yi mata faɗi. 'Yata ta koma kwana a kai. Da ajalin Iya ya zo ba ta yi doguwar jinya ba. Mijina da Manaja ne a gaban makara.

Har yau Manaja yana zuwa, ko da yake ba kamar da ba. In suka haɗu da Yaya Malama sai an yi. Ita ta ce gonakin da ya yi karatu da su gumin kakanninta ne, kuma har yanzu in ka shiga bankinsu ka dubi masu zama a ofis ka dubi masu shara, ba sai an yi maka bayani ba. Shi ya ce ba shi ya sayi kowa ba, me take so ya yi? Ta ce ya fara da daina wannan tambayar. Ya tashi a fusace ya ce ba zai sake tako gidan nan ba. Makon jiya ma haka suka rabu. Shekaranjiya sai ga shi da ledar lemo, yana tambaya ko Yaya tana ciki.